Na'urar Ɗaukar Sawun Haƙora da Yadda Aka Sauƙaƙa Aiki da Ita

Gabatarwa

Duk wanda haƙorinsa ya karye ko ya ruɓe, har likita ya ce sai an yi masa murfi, watau irin kwanson nan da ake kifawa a kan haƙori kamar haƙorin Makka, to, ba makawa sai an fara ɗaukar sawun haƙoransa, domin mai ƙira ya san girma da siffar abin da zai ƙera. Idan awon ya kuskure, murfin ba zai zauna daidai ba. Sai ya bar kafa, abinci ya riƙa maƙalewa, ruɓa ta sake kama haƙorin ta ƙarƙashi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana yadda aka koma ɗaukar wannan sawu da haske da kwamfuta, ta kuma nuna cewa ba iya awo kaɗai ya sa na'urar ta karɓu ba, sai da aka sauƙaƙa aiki da ita.

Tsohuwar Hanya

A tsohuwar hanya, wadda har yanzu ake bi a wurare da yawa, likita kan kwaɓa wani gari mai suna aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, ya zuba kwaɓin cikin wani cokali mai lanƙwasa daidai da jerin haƙora, ya danna a bakin majiyyaci, a jira ya daskare. Sa'an nan a cire, a zuba filasta a gurbin, kamar dai yadda maƙerin fari yake yin zubi. Illar wannan hanya ita ce, wasu mutane da kwaɓin ya taɓa ganɗarsu sai su fara kakarin amai. Kuma idan aka yi jinkirin zuba filasta, aljinet yakan bushe ya motse, awon ya lalace, a sake kiran majiyyaci.

Asalin Na'urar

A 1973 wani Bafaranshe mai suna François Duret ya rubuta kundin digirinsa a birnin Lyon a kan yadda za a ɗauki sawun haƙori da haske. Bayan haka, a Jami'ar Zurich ta ƙasar Siwizalan, likitan haƙori Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka haɗa na'urar da aka sa wa suna CEREC, wadda aka fara yi wa majiyyaci aiki da ita a 1985.

Irin wannan na'ura a yau sanda ce mai ɗauke da kyamara a kanta. Likita kan zagaya da ita cikin baki tana haska haƙora tana ɗaukar hotuna birjik, kwamfuta kuma tana harhaɗa su ta hanyar neman inda wannan hoto ya yi tarayya da wancan, har siffar haƙoran ta fito a allo da tsawo da faɗi da zurfi. Daga nan sai a zana murfin a kwamfuta, inji ya sassaƙa shi daga curin tangaran.

Matsaloli da Yadda Aka Magance Su

Matsala ta farko ita ce hoda. Haƙori yana da sheƙi, kuma haske yakan ɗan ratsa shi, saboda haka na'urorin farko ba sa ganinsa sosai sai an fesa masa wata farar hoda. In ta yi kauri, awo ya ƙaru. In yawu ya taɓa ta, a sake fesawa. Kamfanin 3Shape na ƙasar Denmak ya fito da TRIOS a 2011, ita kuma CEREC ta sami kyamarar Omnicam a 2012, dukansu biyu ba sa bukatar hoda.

Ta biyu ita ce tsayar da hannu. Da, hoto ɗai-ɗai ake ɗauka, dole likita ya ƙame, a wasu na'urorin ma yana taka wani maɓalli da ƙafa. Da aka koma ɗauka ba yankewa, kamar majigi, sai ya zama hannu yana tafiya na'ura tana binsa, in ma ya tsaya sai ya ci gaba daga inda ya bari.

Ta uku ita ce jikin sandar kanta. Idan kanta ya yi girma, ba za ta kai ga matauni na can ƙurya ba, musamman a bakin yaro. Idan ta yi nauyi, wuyan hannu ya gaji. Saboda haka aka yi ta rage mata girma da nauyi. Hucin baki kuma yakan rufe madubinta, sai aka sa mata abin ɗumamawa ko ƴar iska mai kore shi. Aka kuma yi mata kai na cirewa, wanda ake kashe wa ƙwayoyin cuta da tururi kafin a sa wa wani. A 2017 aka fito da TRIOS marar waya.

Ta huɗu ita ce allo. Manhajojin yanzu sukan nuna wa likita da launi inda ya tsallake, su kuma share hoton harshe ko leɓe da ya shiga ba a gayyace shi ba. Nan take zai gyara wurin kaɗai, ba sai ya sake aikin duka ba. Majiyyaci ma yakan ga haƙorinsa da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Ta biyar ita ce aikawa da awon. Da, wasu kamfanoni sukan kulle bayanin ta yadda sai injinsu kaɗai zai karanta shi. Da aka yarda da tsarin da kowa ke iya buɗewa, irin su STL, likita ya sami damar tura aiki ta intanet ga mai ƙirar da ya ga dama.

Sauran Aiki

Duk da haka akwai sauran rina a kaba. Haske ba ya ganin abin da jini ko yawu ko dasashi ya rufe, don haka har yanzu sai an busar da wurin, an ɗan janye dasashi da zare. A bakin da ba haƙori ko ɗaya kuwa, kwamfuta takan rasa alamun da za ta kama, ƙananan kurakurai su taru daga wannan gefe zuwa wancan. Ga tsada, ga kuma bukatar horo, domin wanda bai san ta inda zai fara da inda zai ƙare ba, awonsa kan karkace.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kusan kowane gyara da aka yi wa na'urar nan, cire wata wahala ce daga hannun likita ko daga bakin majiyyaci. Amma komai sauƙinta, alhakin duba bakin murfi, a tabbatar ya haɗu da haƙori ba kafa, yana nan a wuyan likita.