Yadda Za Ka Zaɓi Takalmin Tafiya Da Gudu A Hanyar Daji

Maigida, ƙafarka ita ce dokinka. Da ita kake zuwa gona da kasuwa, da ita uwargida take zuwa rafi, da ita yara suke zuwa makaranta. In ta sami rauni ana tsakiyar noma, ciyawa ba za ta jira ka warke ba. Saboda haka takalmi ba kayan ado kaɗai ba ne, kayan aiki ne kamar fartanya, ya kamata kuwa a zaɓe shi da hankali kamar yadda ake zaɓen fartanya.

A cikin kowace ƙafa akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, jijiyoyi ne suka ɗaure su. In kana gudu, nauyin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya a kowane taki yakan kai ninki biyu ko uku na nauyin jikinka. Turbar daji kuwa ba kamar titi take ba. Nan tsakuwa, can marmara, gaba kaɗan yashi ko taɓo, ga kututture, ga saiwa, ga ƙaya. Kowane taki dabam yake da na bayansa.

Abubuwa Biyu Da Ake Nema

Takalmin irin wannan hanya lalle ya haɗa abu biyu. Na fari shi ne taushi, watau ya kasance da soso tsakanin tafin ƙafarka da ƙasa, domin ya rage zafin tsakuwa da dukan ƙasa mai tauri. Na biyu shi ne tsayuwa daram, watau kada ya bar ƙafarka ta karkace in ka taka gefen dutse ko kan kunya.

Yawancin mutane taushi kaɗai suke dubawa. Su danna takalmi, su ji ya lotsa, su ce ya yi. To, gwada tsayawa da ƙafa ɗaya a kan katifa, sa'an nan ka gwada a kan tabarma. A kan katifa za ka ji kana tangal-tangal. Haka takalmin da ya cika tudu da laushi yake, yana ɗaga ka daga ƙasa, in ƙafa ta goce sai idon sawu ya murɗe, ka sami targaɗe. Wanda kuma ya cika tauri ko sirantaka, kowane ɗan dutse sai ka ji shi a tafin ƙafa, kafin ka kai gida dunduniya ta ɗau zogi. Tsaka-tsaki ake so.

Irin Takalman Da Ke Kasuwa

Silifa na wanka ne da zirga-zirgar tsakar gida. Ba ya riƙe dunduniya, ƙaya tana huda shi, a taɓo kuwa sai ya tsinke. Takalmin taya yana da ƙarko, ƙaya ba ta cin ƙasansa, amma ba shi da taushi, yatsu da bayan ƙafa kuma a buɗe suke. Kambas mai sumul a ƙasa don titi aka yi shi, a laka santsi gare shi.

Akwai kuma wani irin kambas da kamfanoni ke yi musamman don masu tseren gudu a kan duwatsu da cikin daji. Ana samunsa sabo, ana kuma samunsa a gwanjo. Za ka gane shi da abu uku: ƙasansa yana da haƙora kamar tayar tarakta, bakinsa yana da roba mai kauri da ke kare yatsu daga tuntuɓe, gindinsa kuma yana da faɗi. Waɗansu har akwai wani siririn faifai mai tauri a cikinsu, don kada kaifin dutse ya kai ga tafin ƙafa. Irin wannan shi ne ya dace da mai doguwar tafiya a turba, da saurayin da ke motsa jiki da gudu a bayan gari.

Gwada Shi Da Hannu

Kada launi ko sunan kamfani ya ruɗe ka. Ɗauki takalmin ka yi masa gwaji biyar.

1. Matse bayansa, inda dunduniya take zama. In ya lanƙwashe kamar tsumma, ajiye shi. Mai kyau yana da ƙarfi a wurin.

2. Kama kansa da bayansa, ka murɗa kamar kana matse wanki. In ya murɗe da sauƙi, ba zai tallafe ka a kan duwatsu ba.

3. Lanƙwasa shi. Ya kamata ya lanƙwasu a gindin yatsu, inda ƙafa take lanƙwasuwa, ba a tsakiya ba.

4. Danna sosonsa da babban yatsa. Ya ɗan lotsa, ya komo nan da nan. In ya ƙi lotsawa, ko ya lotsa ya zauna, soson ya mutu.

5. Juya ƙasansa ka dubi haƙoran. Don ƙasa busasshiya gajeru sun isa. Don laka da fadama nemi masu tsawon kamar milimita 5, masu rata a tsakaninsu, domin laka ta riƙa zubewa.

Gwada Shi Da Ƙafa

Kada ka yi aike, tafi da ƙafarka. Lambar wani kamfani ba ta zama ɗaya da ta wani. Ka saya da la'asar, gama ƙafa takan ɗan kumbura bayan an wuni ana tafiya. Sa safar da za ka riƙa sawa, ka gwada ƙafa biyu duka, domin sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ka bi girman babbar.

Ka ɗaure igiya, ka miƙe tsaye. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin a sami wuri kamar faɗin babban yatsan hannu. In babu, duk gangaren da ka bi yatsu za su riƙa dukan baki, farce ya yi baƙi ya fita. Yatsu su iya motsi, amma dunduniya kada ta riƙa fita da shiga, wannan shi ke kawo bororo. Ka taka, ka ɗan yi sassarfa, ka tsaya da ƙafa ɗaya. In mai kaya ya ce, "Saya, zai buɗe," kada ka yarda. Takalmin da ya matse ka a kasuwa zai fi matse ka a hanya.

In Na Gwanjo Ne

Ba laifi ba ne sayen na gwanjo, amma sai da lura. Ɗora takalmin a kan benci ko wuri mai laushi ɗaya, ka dube shi ta baya. In ya karkace gefe guda, mai shi na fari ya riga ya cinye shi, zai karkatar da ƙafarka kai ma. Dubi gefen soson, in ya yi tamoji da yawa ya tsufa. Ja ƙasansa ka ga ko gam ya saki. In ka saya, wanke shi da sabulu, ka bari ya bushe sarai kafin ka sa.

Abin Da Takalmi Yake Tsarewa

Akwai wata tsutsar ciki mai shan jini wadda ƙwanta ke fita cikin bayan gida. In an yi bayan gida a fili, ƙwan yakan ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, 'ya'yan su huda fatar wanda ya taka ba takalmi, su bi jini har su isa hanji. Daga nan sai ƙarancin jini da kasala, musamman ga yara da mata masu ciki. Takalmi rufaffe da salga su ne rigakafinta.

Ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora kuma a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta raunin ƙaya ko ƙusa take shiga. In abu ya soke ka, wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka tafi asibiti a duba ko kana bukatar allura.

Mai ciwon suga da wanda kuturta ta taɓa, ƙafarsu takan daina jin zafi. Tsakuwa ɗaya a cikin takalmi tana iya yi musu gyambo ba su sani ba. Kada su taka ƙasa ba takalmi ko da a gida, su kuma dubi tafin ƙafarsu kowane dare.

Abin Da Ba Ya Tsarewa

Kambas iyakarsa idon sawu, ba ya hana saran maciji. Kububuwa yawanci a ƙafa da idon sawu take saran manomi da makiyayi. Matsalar tana da girma, har a shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a Kaltungo ta Jihar Gombe ma akwai asibiti musamman dominsa. In za ka shiga ciyawa ko girbi, sa takalmin roba mai dogon wuya. Da dare riƙe tocila. Da safe kuma zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa, saboda kunama. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam. A cire takalmin, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa.

Kula Da Shi

Kada ka take bayan takalmi ka mai da shi silifa, nan ƙarfinsa yake. In ya jiƙe, cire shimfiɗar cikinsa, ka shanya a inuwa inda iska take. Kada ka kanga shi a murhu, zafi yana sakin gam. In ɗinki ya fara warwarewa, kai wa mai gyara tun da wuri.

Masu yin takalman gudu sukan ce soson yana gajiya bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800. In gonarka tana da nisan kilomita 2, kullum kana cin 4, watau cikin wata bakwai ka kai iyakar. Bayan haka zai ci gaba da tsare ka daga ƙaya da tsutsa, amma bai kamata ka yi doguwar tafiya ko gudu da shi ba. Yara kuwa ƙafarsu tana girma, a riƙa duba nasu kowane 'yan watanni.

In duk da haka ka sami targaɗe, zauna, ka ɗaga ƙafar, ka ɗora tsumma mai ruwan sanyi, ka naɗe ta ba da ƙarfi ainun ba. In ba ka iya yin taki huɗu a kanta, mai yiwuwa karaya ce, sai asibiti.

Ranar kasuwa mai zuwa ka tuna: matse bayansa, murɗa shi, lanƙwasa shi, danna sosonsa, dubi haƙoransa, sa'an nan ka taka da shi kafin ka biya. Ka karanta wa iyalinka da maƙwabta wannan takarda. Allah ya ba mu lafiya.