Gidan Dutse Na Manomin Sukur Da Hannuwan Da Ke Riƙe Da Shi

A kan duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, akwai ƙauyen Sukur, wuri na farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a shekarar 1999. Duk wanda ya tashi yin maganar Sukur, da fadar Hidi yake farawa, wato sarkin garin, da katangunta na dutse da ƙofofinta, sai kuma hanyar nan da aka shimfiɗe da fale-falen duwatsu tun daga gindin tsauni har sama. Fadar ta cancanci yabon da ake mata. Amma a ganina, abin da ya fi buƙatar kariya shi ne gidan talaka manomi, domin a can ne sanin ginin yake zaune, kuma ranar da gidan ya zama kufai, fadar ma ba za ta sami mai gyara ta ba.

A dubi yadda gidan yake. Katanga ce ta duwatsu ke kewaye shi, an jera dutse kan dutse, ba siminti, kowane dutse nauyin ɗan'uwansa ne ke danne da shi, ƙananan tsakuwa kuma suna toshe kafofin da suka rage. A ciki akwai ɗakuna masu da'ira da jinkar ciyawa, ga rumbunan dawa da gero, ga masussuka a kusa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ɗakin sa: rami ne da aka zurfafa aka gine da dutse, inda ake turke bijimi ana kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Wannan sa shi ne martabar maigida, da shi ake fita kunyar biki da ta aure, takin da ya tara kuma gona ake kai wa. Gonakin nan su ma gini ne, domin an yanka jikin tsaunin hawa-hawa kamar matakala, an tokare kowane hawa da jeren duwatsu don ruwan sama ya tsaya ya jiƙa ƙasa maimakon ya kwashe ta zuwa kwari. Hannun da ya iya tokare gona shi ne ya iya ɗora katangar gida, yaro kuma a bayan ubansa yake koya, yana miƙa dutse yana kallon inda aka aza shi.

Za a iya cewa ai dutse ba ya ruɓewa, ba gara ba zago, don haka ko mutane sun tashi ginin zai tsaya. Wannan kuskure ne na wanda bai san ginin da ba siminti ba. Damina ɗaya mai ƙarfi takan ture jeri, saiwar bishiya ta tsaga katanga, akuya ta goce dutsen da ke sama. Abin da ya sa gonakin suka kai yau shi ne manomi yana bin su kafin shuka yana mayar da abin da ya faɗi. Jinka kuwa sai da baibaya, in ba haka ba ruwa ya shiga ya cinye ɗaki ya bar kango. Sukur ta riga ta ga yadda sana'a ke mutuwa: garin ya shahara da narka tama, ƙarfensa yana kaiwa har Borno, amma da ƙarfen waje mai araha ya cika kasuwa a tsakiyar ƙarni na 20, sai aka daina zuga. Matoyan ƙarfen suna nan ana nuna wa baƙi, masu iya aikin ne suka ƙare. Ba abin da zai hana ginin dutse bin wannan hanya idan matasa suka gangaro gaba ɗaya.

Hujja ta biyu da za a iya kawowa ta fi nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon wasa ba. Da wane baki mutumin birni, wanda ke kwana ƙarƙashin kwano da fanka, zai ce wa manomin kan dutse ya ci gaba da rufin ciyawa don masu yawon buɗe ido su ji daɗin ɗaukar hoto? Ciyawa tana cin wuta, kuma mutanen nan sun ga wuta da idonsu: a ƙarshen 2014 'yan Boko Haram sun hau tsaunin sun ƙona gidaje da rumbuna, fadar ma ba ta tsira ba. Kafin su, a farkon ƙarni na 20, Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, ya yi ta kai hare-haren kamun bayi a waɗannan duwatsu, har Turawa suka tuɓe shi a 1927. Wanda ya sha irin wannan, idan ya ce yana son rufin da ba ya kamawa, yana da gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai amsar ba ita ce a hana shi da doka ba, ba kuma ita ce a bar bulo da kwano su mamaye tsaunin ba. Idan duniya ta ce wannan gida nata ne ita ma, to ta ɗauki rabonta na ɗawainiya: a biya magina da masu baibaya na garin ladan aikinsu, a taimaka da kuɗin gyara ga wanda ya riƙe tsohon fasali, a zauna da Hidi da dattawa a ware inda za a iya sabon gini ba tare da an ɓata fuskar ƙauyen ba.

Shi ya sa nake ganin kariyar da ta tsaya ga takarda ba ta wadatar. A 2018 an sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi masu buƙatar agaji na asusun World Monuments Fund, kuma hakan ya jawo hankalin duniya. Amma abin da ke sa magidanci ya zauna a kan tsauni shi ne tsaro, da ruwan sha a lokacin bazara, da asibitin da mai naƙuda za ta iya kaiwa, da makarantar da ɗansa zai yi karatu ba sai ya bar gida ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin Adamawa su sa waɗannan a cikin kasafin kula da Sukur, su kuma riƙa biyan dattawan da suka iya jera dutse don su koyar da samari tun suna da ƙarfin ɗaga shi.