Yadda Manhaja Ke Gano Cikakken Sunan Kwamfuta a Intanet

Kowace kwamfuta tana da gajeren suna da aka raɗa mata, amma wannan suna bai isa ya bambanta ta da sauran na'urorin duniya ba. Abin da ke bambanta ta shi ne cikakken sunan yanki, wanda masana ke taƙaitawa da FQDN. Sunan yana haɗa na na'urar da jerin yankunan da take ƙarƙashinsu, kamar www.buk.edu.ng, inda ng ke nuna Nijeriya, edu cibiyoyin ilimi, buk kuma jami'ar. A tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙira a shekarar 1983, gaɓar da ke tsakanin ɗigo biyu ba ta wuce haruffa 63.

Kuskuren da masu rubuta manhaja suka fi yi shi ne ɗaukar cewa cikakken sunan yana ajiye a cikin na'urar. Sau da yawa gajeren sunan kaɗai ke wurinta, cikakken kuwa sai an nemo shi. A harshen Python, umarnin socket.gethostname() yana dawo da sunan da aka sanya wa na'urar, shi kuwa socket.getfqdn() yana bincika sunayen da ke rataye da adireshinta, ya ɗauki na farko mai ɗigo. Idan bai samu ba, sai ya dawo da suna maras yanki ba tare da wani gargaɗi ba. A Java ana amfani da getCanonicalHostName(), a Linux kuma da hostname -f.

Galibi waɗannan hanyoyi suna fara duba fayil ɗin /etc/hosts kafin su tambayi DNS. Saboda haka kuskure ɗaya a fayil ɗin na iya sa amsar ta zama localhost. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Sabar imel tana gabatar da kanta da cikakken suna, kuma wasu sabobin suna ƙin karɓar saƙon da ya zo da gajere. Haka nan takardar shaidar tsaro ba ta aiki idan sunan bai dace da wanda ke rubuce a cikinta ba.

Don haka ya kamata manhaja ta tantance amsar da ta samu, ta tabbata akwai ɗigo a ciki kuma ba localhost ba ce, sannan ta bai wa mai kula da na'urar damar rubuta sunan da hannunsa a saitunanta.