Yadda ake haɗa gundumomin jihar Texas su zama "birni da kewaye"

A ƙidayar jama'ar da aka gudanar a Amurka a shekarar 2020, birnin San Antonio na jihar Texas ya zarce birnin Dallas yawan mutane. San Antonio na da mutum miliyan 1.43, Dallas kuwa miliyan 1.3.

Amma a jerin yankunan manyan birane da gwamnatin tarayyar ƙasar ke fitarwa, yankin Dallas ne na huɗu a faɗin Amurka, bayan New York da Los Angeles da Chicago, da mutum miliyan 7.6. Yankin San Antonio kuwa mutum miliyan 2.56 aka lissafa masa.

Dukkan alƙaluman daidai suke. Na farko ya tsaya ne a kan iyakar da hukumar birnin ke mulka. Na biyun kuma lissafi ne na birni da kewaye, wanda ake samu ta hanyar haɗa gundumomi wuri guda bisa wasu ƙa'idoji na yawan jama'a da kuma inda mutane ke zuwa neman abinci.

Waɗannan ƙa'idoji na da tasiri a kan kuɗin da asibitoci ke samu daga gwamnati, da tallafin hayar gida ga marasa ƙarfi, da ma inda kamfanoni ke zaɓar zuba jarinsu.

Gunduma ce tubalin gini

Kowace jiha a Amurka an kasa ta gundumomi, wato wani mataki na mulki da ke ƙasa da jiha, mai kama da ƙaramar hukuma a Najeriya. Akwai irinsu sama da 3,100 a ƙasar.

Texas ce ta fi kowace jiha yawan gundumomi, inda take da 254. Sai dai tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce: gundumar Harris, wadda mafi yawan birnin Houston ke cikinta, na da mutum miliyan 4.7 a 2020, yayin da aka ƙirga mutum 64 kacal a gundumar Loving da ke yammacin jihar.

Dalilin da ya sa ake ginawa a kan gunduma shi ne iyakokinta ba su cika sauyawa ba, kuma akasarin bayanan haihuwa da mutuwa da ayyukan yi da kuɗin shiga a matakinta ake tattara su. Iyakar birni kuwa takan faɗaɗa a duk lokacin da hukumar birnin ta haɗiye wata unguwa da ke gefenta.

San Antonio ta daɗe tana haɗiye unguwannin da ke kewaye da ita. Ita kuwa Dallas, garuruwa masu cin gashin kansu irin su Plano da Irving da Garland sun yi mata ƙawanya, ga kuma birnin Fort Worth a yamma da ita. Shi ya sa lissafin cikin birni kaɗai ke iya ruɗar mai karatu.

Wa ke shata iyakar?

Ofishin Kula da Harkokin Mulki da Kasafin Kuɗi da ke ƙarƙashin fadar White House, wanda aka fi sani da OMB, shi ne ke tsara ƙa'idojin tare da bayyana sunayen yankunan. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta ƙasar ce ke samar da alƙaluman da ake dogaro da su.

An fara wannan tsari ne a 1949, domin amfani da shi a ƙidayar 1950. Kafin lokacin, hukumomin gwamnati daban-daban kowace na da irin nata ma'aunin na abin da ake kira babban birni, ta yadda ba a iya kwatanta rahoton wannan da na waccan.

Ana sake duba ƙa'idojin duk bayan shekara goma. Jerin da aka gina a kan ƙidayar 2020 ya fito ne a watan Yulin 2023, kuma ya nuna cewa akwai yankunan manyan birane 387 a jihohin Amurka, ban da wasu shida a tsibirin Puerto Rico. Texas na da 26 daga cikinsu.

Mataki na farko: cibiya

Abu na farko da ake nema shi ne cibiya, wato wurin da gidaje suka cunkushe suka haɗe da juna, ba tare da la'akari da iyakar mulki ba.

Idan mutanen da ke zaune a wannan cibiya sun kai 50,000, to an samu yankin babban birni. Idan kuwa sun kai 10,000 amma ba su cika 50,000 ba, sai a kira shi yankin ƙaramin birni. Wannan rukuni na biyu a 2003 aka fara fitar da shi, domin a daina jefa matsakaitan garuruwa cikin kwando ɗaya da ƙauyuka.

Gundumar da cibiyar ke cikinta ita ake kira gundumar tsakiya. Takan iya zama fiye da ɗaya, idan gine-ginen sun tsallaka iyaka. Gunduma na samun wannan matsayi ne idan aƙalla rabin mutanenta na zaune a cikin irin wannan cunkoso, ko kuma idan mutum 5,000 daga cikinsu na zaune a wani ɓangare na cibiyar.

Wuri na iya hawa daga wannan rukuni zuwa wancan. Garin Eagle Pass da ke bakin iyakar Meziko, alal misali, a 2023 ne ya tashi daga rukunin ƙananan birane ya shiga na manya.

Mataki na biyu: zuwa aiki

A nan ne gizo ke saƙa. Kusanci da birni kaɗai ba ya sa a haɗa gunduma da shi. Abin da ake dubawa shi ne kai-komon ma'aikata a kullum.

Ana shigar da gundumar gefe cikin yankin ne idan aƙalla kashi 25 cikin 100 na ma'aikatan da ke zaune a cikinta suna aiki a gundumomin tsakiya. Haka kuma za a shigar da ita idan mazauna gundumomin tsakiya ne ke riƙe da kashi 25 cikin 100 na guraben aikin da ke cikinta.

Wato a gundumar da ke da ma'aikata 10,000, da zarar 2,500 daga cikinsu na yin sammako zuwa birni, ta zama kewayen wannan birni, ko da kuwa sauran ƙasarta gonaki ne da wuraren kiwo.

Ana ɗaukar gunduma ne gaba ɗayanta, ba a yanka ta biyu. Kuma ba ta zama a yanki biyu lokaci guda: idan birane biyu na janta, sai a ba wanda mutanenta suka fi zuwa aiki a cikinsa.

Da wannan ma'auni ne yankin Dallas ya ƙunshi gundumomi 11, na San Antonio takwas, na Austin, babban birnin jihar, biyar. Yankin Houston na da tara, kafin a ƙara masa gundumar San Jacinto a 2023 ya koma goma.

Waɗannan gundumomi 34, daga cikin 254, su ne ke ɗauke da kimanin kashi biyu bisa uku na mutum miliyan 29.1 da aka ƙirga a Texas a 2020.

Suna da tsallaka iyaka

Ana raɗa wa yanki suna ne da sunan birninsa mafi girma, sannan a iya ƙara har biyu daga cikin manyan garuruwansa. Cikakken sunan yankin Dallas shi ne Dallas-Fort Worth-Arlington. Na Houston kuwa ya sauya a 2023, inda garin Pasadena ya shiga, Sugar Land ya fita daga sunan, ko da yake yana nan daram a cikin yankin.

Yankin da cibiyarsa ta kai mutum miliyan 2.5 ana iya raba shi sassa. Shi ya sa ake fitar da alƙaluma daban na ɓangaren Dallas da na ɓangaren Fort Worth.

Akwai kuma haɗaɗɗen yanki, wanda ake samu idan ma'aunin musayar ma'aikata tsakanin yankuna biyu maƙwabta ya kai kashi 15 cikin 100. Haɗaɗɗen yankin Dallas ya miƙa arewa har zuwa garin Durant na jihar Oklahoma.

Iyakar jiha ba ta hana haɗa gundumomi. Yankin Texarkana ya haɗa gundumar Bowie ta Texas da wasu gundumomi na jihar Arkansas. Amma iyakar ƙasa na hanawa: birnin El Paso da birnin Juarez na Meziko kogi ne kawai ya raba su, jama'a kuma na tsallakawa kullum, amma lissafin OMB ya tsaya ne a bakin kogin.

Inda batun kuɗi ya shigo

Ofishin na OMB ya sha nanata cewa domin tattara alƙaluma kawai ya shata waɗannan yankuna. Duk da haka, dokoki da shirye-shiryen gwamnati da dama sun rataya rabon kuɗinsu a kansu.

Shirin inshorar lafiyar tsofaffi na Medicare na daidaita abin da yake biyan asibiti da matsakaicin albashin ma'aikatan asibitoci a yankin da asibitin yake. Don haka asibitoci biyu masu aiki iri ɗaya na iya samun kuɗi daban, saboda ɗaya na cikin yankin babban birni, ɗayan kuma an lissafa shi a karkara.

Ma'aikatar gidaje ta tarayya ma na amfani da yankunan wajen ƙiyasta kuɗin haya, wanda a kansa ake gina tallafin da ake bai wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Sannan a shirin tallafin raya unguwanni da aka kafa a 1974, manyan biranen waɗannan yankuna na karɓar kasonsu kai tsaye daga Washington, yayin da ƙananan garuruwa sai sun bi ta hannun gwamnatin jiha.

Taƙaddamar 2021

A watan Janairun 2021 aka buga wata shawara ta kwamitin ƙwararru na hukumomin tarayya, cewa a ɗaga ma'aunin cibiya daga 50,000 zuwa 100,000.

Hujjar kwamitin ita ce, yawan jama'ar Amurka ya ninka fiye da sau biyu tun 1950, daga miliyan 151 zuwa sama da miliyan 330, amma ma'aunin bai motsa ba.

Da an amince, da yankuna 144 sun rasa matsayinsu, ciki har da Bismarck, babban birnin jihar North Dakota, da garuruwa irin su Victoria da San Angelo a Texas.

Magadan gari da 'yan majalisar dokoki daga jam'iyyun Democrat da Republican sun yi ca a kan shawarar. Wasu na fargabar rasa kuɗin tarayya, wasu kuma na cewa kamfanoni kan fara duba jerin manyan birane ne kafin su zaɓi inda za su kafa masana'anta. Su ma yankunan karkara ba su yi na'am ba, domin garuruwan da za a sauke za su zo ne su yi gogayya da su a kan ɗan abin da aka ware musu.

A watan Yulin wannan shekarar OMB ya sanar da cewa zai bar ma'aunin a kan 50,000. A Disamban 2022 kuma Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan wata doka da ta hana sauyin ƙa'idojin ya shafi rabon kuɗi kai tsaye, sai hukumar da abin ya shafa ta bi matakan sanarwa da jin ra'ayin jama'a.

Gazawar ma'aunin

Ɗaukar gunduma gaba ɗayanta na haifar da abubuwan mamaki. Gundumar Hudspeth, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 11,000, akasarinta hamada ce, kuma mutanenta ba su kai 4,000 ba. Amma a takarda tana cikin yankin babban birnin El Paso.

Saboda haka, idan aka ce kimanin kashi 86 cikin 100 na Amurkawa na zaune a yankunan manyan birane, kamar yadda ƙidayar 2020 ta nuna, ba ana nufin dukkansu 'yan birni ba ne. Akwai manoma da makiyaya masu yawa a cikin wannan adadi.

Wani ƙalubalen shi ne aiki daga gida ta intanet, wanda ya ƙaru tun bayan ɓullar annobar korona a 2020. Mutumin da ke zaune a gundumar gefe yana yi wa wani kamfanin Austin aiki daga ɗakinsa, ba ya cikin masu kai-komo, ko da yake abincinsa daga birnin yake fitowa.

Wannan na daga cikin tambayoyin da ke jiran masu tsara ƙa'idojin da za a yi amfani da su a kan ƙidayar 2030.