Gidigir: Yadda ake auna ƙarfin injin ban-ruwa ba tare da ƙona mita ba

A fadamun Gidigir, kan hanyar Damagaram zuwa Gure, injin ban-ruwa shi ne jarin mai lambu. Amma wanda ya sayi tsohon inji, ko ya karɓo nasa daga gyara, yawanci da kunne yake hukunci: idan ƙara ta yi daɗi, sai ya biya. Ranar da injin ya kasa jan ruwa, shuka ce ke shan wuya.

Akwai dabarar da makanike zai iya bi. A haɗa injin da motar lantarki mai aiki da wutar batir. Idan injin ya juya ta, sai ta koma bayar da wuta. A zuba wutar cikin naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai kauri da aka tsoma a duron ruwa, domin injin ya ji nauyi. Daga nan a ninka bolt da ampa, a samu wat. Wat 736 shi ne ƙarfin doki ɗaya.

Wuyar aikin tana wajen auna ampa. Injin doki 5 da rabi na iya tura fiye da ampa 100 a bolt 24, alhali ƙaramar mitar hannu yawanci a ampa 10 take tsayawa. Wanda ya bi da wannan wuta ta cikinta, ya ƙona ta.

Maganin shi ne wani guntun ƙarfe da masu sana'ar ke kira shant. Ana ɗaure shi a kan hanyar wutar, dukkanta ta ratsa shi, mitar kuma ta auna ɗan bambancin bolt tsakanin bakinsa biyu. Shant mai lambar ampa 200 da milibolt 75, idan ya nuna milibolt 45, ampa 120 ke wucewa. A bolt 24, wat 2,880 ke nan, kusan doki 4.

Mita mai baki kamar awartaki ma tana yi, muddin an ƙera ta don wutar batir. Wadda aka yi don wutar Nigelec kaɗai ba za ta nuna gaskiya ba.

A lura: wani kaso na ƙarfin yana tafiya a zafi cikin motar, don haka sakamakon yakan gaza ainihin ƙarfin injin. Amfaninsa shi ne kwatanta inji kafin gyara da bayansa. Kada a yi aikin da demarer na mota, domin ba ya jure dogon juyi, kuma siririyar waya a irin wannan wuta gobara ce.