Me ya sa talaka ba ya da tsafi a littattafan yaƙi?

Duk mai karanta littattafan yaƙi na Hausa, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ya san tsarin: boka na da madubin tsafi, sarki na da zoben sihiri, sadauki na da takobin da aljani ya ƙera. Talaka kuwa aikinsa gudu da kururuwa idan an ƙone garinsu. Haka abin yake a Harry Potter, wanda J.K. Rowling ta fara fitarwa a 1997, inda har suna aka raɗa wa marasa sihiri, wato Muggles.

Amsar da makaranta suka fi bayarwa ita ce marubuci na buƙatar wanda jarumi zai ceta. Amma akwai wata fahimta da ta fi wannan kama hankali, kuma tana cikin kalmar "asiri" kanta. A Hausa, asiri na nufin magani, yana kuma nufin abin ɓoye. Abin da kowa ya sani ya tashi daga asiri. Wato ba a hana talaka tsafi don jininsa ba, an dai ɓoye masa laƙanin ne.

Yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun wuri ne mai kyau na gwada wannan magana. A nan ba a taɓa cewa talaka ba shi da komai ba. An yi imani maƙeri na wasa da jan ƙarfe wuta ba ta cinsa, Sarkawa masu su na da maganin ƙaya da na kada, wanzami na da nasa, ɗan tauri kuma wuƙa ba ta kama shi. Sai dai kowane gida da abin da ya gada, kuma tsoho ba ya miƙa wa ɗa sai ya gwada haƙurinsa, wani lokaci sai yana kan gargara. Ga sharuɗɗa: kada ka ci kaza, kada ka kusanci kaza. Ka saɓa, magani ya karye. Shi ya sa maƙeri a bakin kogi talaka ne tsantsa, haka ma basarke a maƙera.

Tsofaffin littattafai ma haka suka tafi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, Alhaji Imam ba da sihiri aka haife shi ba. Sai da ya sha yawon duniya kafin aljanu su taimake shi ya samo ruwan. Gizo na tatsuniya kuwa wayo ne jarinsa, kuma da shi yake kayar da giwa da zaki. A ganina shi ne gwarzon talakawa na gaskiya.

Inda zancen ya wuce nishaɗi shi ne lokacin da bindiga ta shigo. A watan Afrilun 1980, manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya cinye wa gonaki sun tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Babu gidan da gadonsa ya tare harsashi a ranar.

Yau da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi uku, asiri ya fito kasuwa. Matashi ɗan sa-kai zai sayar da akuya ya sayi guru da rigar layu, a ce masa maganin bindiga ne. Ko a ma'aunin masu imani da abin, akwai alamar tambaya: maganin da kakanni ke rowarsa ga 'ya'yan cikinsu, ta yaya ya zama na duk mai kuɗi a hannu? Malamai kuma sun daɗe suna jan kunne a kan shirka. Idan harsashi ya huda rigar, mai maganin na da amsa a shirye: yaron ne ya karya sharaɗi. Shi kuwa yaron ba ya nan balle ya musa.