Ƙuri'a Ba Ta Son Kai: Abubuwan Mamaki Bakwai Kan Zaɓen Samfuri

Umbadda, da ke yammacin Umdurman, ta fi kowace ƙaramar hukuma yawan jama'a a jihar Khartum a ƙidayar 2008, da mutum kusan miliyan ɗaya. Jami'in lafiyar da ke son sanin yara nawa aka yi wa rigakafi a can ba zai iya sallama a kowace ƙofa ba. Dole ya ɗebi gidaje kaɗan su wakilci sauran. To wa zai zaɓa masa su? Masana ƙididdiga sun ce a bar wa ƙuri'a, domin ita ba ta da ɗan uwa, ba ta kuma ƙyuyar tafiya bayan gari.

1. Mutum dubu sun wadatar
Idan aka zaɓi mutum 1,000 da ƙuri'a ta gaskiya, kuskuren sakamakon yawanci ba ya wuce kashi 3 cikin 100. Abin mamakin shi ne, dubun da ta ishi Umbadda ita ce za ta ishi Sudan gaba ɗayanta. Mai sayen dawa a Kasuwar Libiya ta Umdurman ya san wannan sirri: tafi ɗaya ya ishe shi gane buhu, muddin ya zura hannu can ciki, bai tsaya ga ta saman da aka gyara masa ba.

2. Ƙidayar da ba ta ƙirga kowa ba
Ƙidayar farko ta Sudan, ta 1955 zuwa 1956, an yi ta gida-gida ne a manyan garuruwa kawai. A karkara da wuraren makiyaya samfuri aka ɗiba, aka lissafa saura. Da haka aka samu mutum miliyan 10.26, kuma da wannan adadi sabuwar ƙasar ta fara tsara makarantu da asibitoci.

3. Dabarar da ta yi ƙuruciya a ƙasar Hausa
A 1968 da 1969, lokacin yaƙi da cutar agana, ma'aikata sun bi ƙauyukan da aka zaɓa a Arewacin Najeriya, Nijar, Togo da Dahomey (Benin ta yau) suna duba tabon lamba a dantsen mutane. Daga irin wannan aiki Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin nan na unguwa 30, yara 7 a kowace, wato yara 210 su ba da hoton yanki guda.

4. Kwalba ce jagora
A wannan tsari, ma'aikaci kan tsaya tsakiyar unguwa ya juya kwalba ko biro a ƙasa. Inda bakinta ya nuna nan zai nufa, ya zaɓi gidan farko, sannan ya bi ƙofa mafi kusa. Daga baya aka lura gidajen tsakiya sun fi samun shiga, na gefe ana tsallake su, alhali a gefen ne baƙi da 'yan gudun hijira suka fi zama. A 2018 hukumar ta fitar da sabon jagora: a fara rubuta gidajen unguwa duka, sannan a jefa ƙuri'a.

5. Yawa bai hana kunya ba
A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardu miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan 2, ta yi shelar ɗan takara Landon zai ci. Sai abokin takararsa Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga littafin tarho da rajistar motoci aka kwaso su, talaka kuwa ba ya ciki.

6. Ƙuri'ar da ba a gauraya ba
Ranar 1 ga Disamba 1969, Amurka ta zuba ranakun haihuwa 366 a tulun gilashi don ɗaukar sojan yaƙin Biyetnam. Ba a cakuɗa su da kyau ba, sai ranakun ƙarshen shekara, da aka zuba daga baya, suka riƙa fitowa da wuri. 'Yan Disamba suka fi kowa shiga sahun gaba.

7. Idan yaƙi ya hana ƙuri'a
Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya hana shiga unguwanni. Masu bincike na makarantar kiwon lafiya ta Landan suka tattara jerin mamata uku daga hanyoyi daban-daban, suka duba sunaye nawa suka maimaitu. Idan maimaicin ya yi kaɗan, waɗanda ba a rubuta ba suna da yawa ke nan. Suka ƙiyasta mutum sama da 61,000 sun rasu a jihar Khartum cikin watanni 14 na farko.

Da alƙaluma ake raba magani, abinci da ajujuwa, kuma gidan da ƙuri'a ba za ta iya faɗawa kansa ba, rabonsa ma ba zai iso ba. Don haka duk ranar da aka ce maka "bincike ya nuna", tambayi yadda aka zaɓi waɗanda aka tambaya, da waɗanda aka bari a waje.